Na'ura Tana Jin Ƙarfe, Amma Ba Ta Iya Karatu Ba

    Gaisuwa ta musamman ga mutanen Dakoro, da Birnin Lalle, da Kornaka, da Sakabal, da garuruwan kwarin Tarka, don maganar yau a ƙasarsu za ta sauka. Amma ta shafi kowa.

Yau za mu yi magana a kan na'urar neman ƙarfe, da tsofaffin kuɗi, da kayan mutanen da waɗanda ke kwance cikin ƙasa. Ku gyara zama. Mai alƙalami ya riƙe alƙalaminsa, don akwai abin rubutawa a ƙarshe.

NA'URAR DA ƳAƳANMU SUKA KOMO DA ITA

Kun tuna shekarar 2014. A shekarar nan aka ga zinariya a Jado, can arewa mai nisa cikin jihar Agadas, sannan aka gan ta a Cibarakaten. Samari suka yi ta tafiya daga ko'ina. Wani ya sayar da sa, wani ya sayar da raƙumi, wani ya ci bashi. Wasu sun samu, da yawa sun komo hannu wofi, wasu ba su komo ba. Allah ya jiƙansu. A shekarar 2017 gwamnati ta rufe wurin haƙa na Jado.

Can ne yawancinmu muka fara sanin wannan na'ura. Sanda ce mai faifai a ƙasa, da akwatin batir a sama, da abin sawa a kunne. Mutum yana tafiya sannu-sannu, yana kaɗa faifan dama da hagu, kamar mai shara. In ta zo kan ƙarfe sai ta yi kuka.

Yaya take aiki? Babu tsafi a ciki, babu aljani. Cikin faifan nan akwai waya da aka nannaɗe. Wutar batir tana bi ta cikin wayar, sai ta haifar da wani ƙarfi irin na mayen ƙarfe, wanda ke shiga cikin ƙasa. In ƙarfin nan ya tarar da ƙarfe, sai ƙarfen ya mayar da amsa. Na'ura ta ji amsar, ta yi kuka. Shi ke nan. Ƙaramin abu kamar kwabo tana jin sa in bai wuce taƙi ɗaya ko kamu ɗaya cikin ƙasa ba. Babban abu tana jin sa daga ƙasa da haka.

Tun asali ma ba don neman dukiya ta yaɗu ba. A shekarar 1941, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani sojan ƙasar Polan ya ƙera irinta don gano nakiyoyin da aka binne. Bayan yaƙi ne mutane suka fara yawo da ita suna neman tsofaffin kuɗi.

To, ga inda maganar take. Na'ura ba ta ruɓewa don an bar Jado. Tana nan cikin ɗaki, ko ta aboki, ko ta haya. Wata rana, da rani, aiki ya ƙare, aljihu ya bushe, sai wani ya ce: "Mu je kufai mana. An ce mutanen da suna binne tukunyar zinariya." Ko kuma wani baƙo ya zo da mota, ya ba yara ƴan kuɗi, ya ce a nuna masa tsohon gari da tsofaffin kaburbura. Ranar da wannan magana za ta zo garinku, me za ku ce? Don wannan rana muke shiri yau.

KUFAI BA DAJI BA NE

Garin Dakoro ba tsoho ba ne ƙwarai. A shekarar 1947, zamanin Faransawa, aka kafa bariki a wurin. Amma ƙasar da Dakoro ke zaune a kai tsohuwa ce. Kusa da Dakoro ga Birnin Lalle. Sunan ma ya faɗa muku: birni, watau gari mai ganuwa, mazaunin sarki. Tarihi ya nuna Gobirawa daga Abzin suka gangaro. Sun zauna Birnin Lalle, ya zama babban birninsu shekaru da yawa, kafin su ƙara gaba zuwa kudu da yamma, har suka gina Alƙalawa. Alƙalawa ta faɗi a shekarar 1808, lokacin jihadi. Bayan nan aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wajen shekarar 1836. Ashe duk Bagobirin da ke Tsibiri, ko Madawa, ko Sabon Birni, yana da rabo a ƙasar Birnin Lalle.

Ban da wannan, akwai kufai da yawa waɗanda ba su da suna a takarda. Manomi ya san su. Wurin da garma ke fito da tsingaro. Wurin da ake ganin kashin maƙera baƙi ƙirin, alamar an taɓa narka tama. Tudun da tsofaffi ke cewa kada a yi gini a kai. Tsohuwar rijiyar da ta cike. Duk waɗannan wurare mutane sun zauna, sun haihu, sun yi ciniki, sun mutu. Ba su bar mana takarda mai yawa ba. Abin da suka bari yana ƙarƙashin ƙafarmu.

WANE IRIN KUƊI KAKANNI SUKA YI CINIKI DA SHI?

Mai mafarkin tukunyar zinariya ya saurara da kyau. Kafin zuwan Turawa, sarakunan ƙasar Hausa ba su buga tsabar kuɗi da sunansu ba. Babban kuɗin kasuwa shi ne wuri. Wuri kuwa ɓawon wata ƴar dabbar teku ce, ana kawo shi daga tsibiran Maldib, can cikin tekun Indiya. Wani matafiyi Bajamushe, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano a farkon shekarar 1851. Ya tarar ana canjin babban kuɗin azurfa guda da wuri 2,500. Wuri ba ƙarfe ba ne. Ko an binne buhu goma, na'ura za ta wuce ta kai ba ta ce uffan ba.

Kuɗin azurfan nan fa? Daga Turai fatake ke kawo shi ta hamada. Wanda aka fi sani shi ne liyari mai hoton wata sarauniya, Mariya Tareza ta ƙasar Ostiriya. Har yanzu wasu tsofaffin mata suna da shi cikin adudu, maƙeran farfaru kuma sun narka da yawa sun yi zobba da kayan wuya. Ku da kuka koyi lissafi, in kun samu guda ku duba lambar da ke jikinsa. Za ku ga 1780. Ku nemo wani, shi ma 1780. Me ya sa? Sarauniyar ta mutu a shekarar 1780, amma mutane sun saba da kuɗin, ba su yarda da wani ba. Saboda haka aka ci gaba da buga shi da wannan lamba, shekara da shekaru bayan mutuwarta. Kun gani? Ko lambar da ke jikin kuɗi ba ta isa ta faɗa maka yaushe ya shiga ƙasa ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Akwai wani kuɗin da ya girmi wannan. A shekarar 1353 wani matafiyi daga Maroko, Ibn Batuta, ya sauka a garin Takadda. Masana suna ganin kufan garin shi ne Azelik, a wajen Ingal. Ya ga ana narka jan ƙarfe, ana yin ƴan sanduna, masu kauri da sirara. Masu kauri 400 ake bayarwa a miskalin zinariya guda. Sirara kuwa 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itace. Ya kuma ce ana kai jan ƙarfen nan ƙasar Gobir da Barno. Masu bincike da suka yi aiki a Azelik sun tarar da ƙananan guntayen jan ƙarfe irin na ciniki.

Yanzu ku yi tunani. Ƴar wayar jan ƙarfe, ta yi tsatsa kore, ba ta kai tsawon yatsa ba. Mai sayen tsohon ƙarfe ba zai ba ka ko dala a kanta ba. Amma in an tsince ta a kufan Gobirawa, a wurinta, za ta iya zama shaidar cinikin da aka yi fiye da shekara 650 da suka wuce. Mai neman zinariya kuwa zai dube ta, ya yi tsaki, ya jefar.

Sauran kuɗin da ake tsinta na jiya-jiya ne. Anini da kwabo masu huda na Ingilishi, waɗanda suka shigo daga Najeriya. Tamma da dala na Faransawa. Kuɗin sefa da muke kashewa an kafa shi a watan Disamba na 1945. Ban da su, abin da na'ura za ta yi ta kuka a kai shi ne kan kibiya, da guntun linzami, da munduwa, da ƙusa, da gwangwanin tumatir. Mutum zai haƙa rami ɗari kafin ya ga abin da zai sayi kwanon hatsi. Amma ramukan nan ɗari sun riga sun yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

ƘASA LITTAFI CE

Wace ɓarna? Bari mu ɗauki misali daga abin da kuka sani.

Masu ginin rijiya na ƙasar Dakoro sun san ƙasa hawa-hawa take. Rijiyoyinmu suna da zurfi. Mai gini yana ratsa rairayi, ya tarar da jar ƙasa, ya tarar da laka, ya tarar da dutse. Kowane hawa da kamanninsa. Haka jujin gari yake. Sharar bara tana ƙasa, ta bana tana sama. Kufai ma haka ne. Abin da ke ƙasa ya riga abin da ke sama zuwa. Kowane hawa kamar shafi ne na littafi. Shafi na ɗaya yana can ƙasa, na ƙarshe yana sama.

Masu binciken kayan tarihi sun koyi karanta wannan littafi. Ba su haƙa da gaggawa. Suna kankare ƙasa kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali da buroshi. Kowane abu suka gani sai su auna zurfinsa, su zana wurinsa, su ɗauki hotonsa, su rubuta abin da ke kusa da shi, kafin su ɗaga shi.

Suna murna da gawayi da ƙashi fiye da yadda kuke zato. Ga dalili. Duk abu mai rai, itace ko dabba ko mutum, yana ɗauke da wani sinadari a jikinsa. In ya mutu sai sinadarin ya riƙa raguwa sannu a hankali, bisa ƙa'ida. Rabinsa yana tafiya cikin shekara 5,730. In an kai gawayi ɗakin awo, aka ga abin da ya rage, sai a lissafa shekarun da itacen ya yi da mutuwa. Azurfa da jan ƙarfe ba a auna shekarunsu ta wannan hanya. Gawayin da ke kwance tare da su shi ke faɗin shekarunsu.

To mai na'ura fa? Ya ji kuka, ya sa diga. Ya fasa tukunya, ya watsar da gawayi, ya ture ƙashi, ya gauraye hawa na sama da na ƙasa, ya ciro munduwa ya sa aljihu. Munduwa tana nan, amma ta zama bebiya. Wa ya sa ta? Namiji ko mace? Yaushe? Daga ina ta zo? Babu mai iya faɗa kuma har abada.

Ku da kuka sha wahalar koyon baƙaƙe, kun san zafin wannan. A ce wani ya ɗauki littafinka na karatu, ya yanke harafi guda da ya ba shi sha'awa, ya yayyage sauran ya zuba a wuta. Harafin nan guda me zai karantar da kai? Na'ura tana jin ƙarfe, amma ba ta iya karatu ba.

LABARIN WURI BIYU

Ga labarin wurare biyu, ku auna da kanku.

Na farko Bura, a ƙasar Tera cikin jihar Tilaberi. A shekarar 1975 aka gano wurin ba da niyya ba. A shekarar 1983 wani masani ɗan ƙasarmu, Bube Gado, na cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Yamai, ya yi haƙa a wurin bisa ƙa'ida. A ɗan fili kaɗan ya tarar da tukwanen binne mamata wajen 630, wasu da siffar kan mutum a samansu, har da mutum-mutumin mahayi bisa dokinsa. Awo ya nuna mutanen nan sun rayu fiye da shekara 1,000 da suka wuce. A shekarar 1993 aka nuna kayan Bura a birnin Paris, duniya ta gani ta yi mamaki.

Daga nan dillalai suka buɗe ido. Suka riƙa bin ƙauyuka suna saye. Talakawa, ga fari ga yunwa, suka shiga haƙa da diga da shebur. Cikin ƴan shekaru aka tone yawancin wuraren. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ake sacewa, ta gargaɗi kowa kada ya saya. Amma da yawa sun riga sun ƙetare teku. Suna cikin ɗakunan attajiran waje. Wanda ya haƙa ya karɓi ƴan kuɗi ya ci, sun ƙare tuni. Dillali ya sayar da tsada mai yawa. Jikokin mai haƙa kuwa an bar su da ramuka. Wannan da diga kaɗai aka yi shi. Ina ga an haɗa da na'urar da ke nuna wa mutum daidai inda zai sara?

Na biyu Durɓi ta Kusheyi, gabas da Katsina cikin Najeriya, inda ake cewa kaburburan sarakunan farko na Katsina suke. A shekarar 1992 masana suka buɗe tuddai uku da iznin hukuma. Ba su tsinci kaya ɗai-ɗai ba. Sun ɗauke kabarin da ƙasarsa dunƙule, aka kai birnin Mainz na Jamus, aka yi ta buɗe shi a hankali. Aka tarar da kayan ado na zinariya, da mundaye na hauren giwa, da wuri, da ragowar tufafi, da wata tasar tagulla irin ta ƙasashen Larabawa na gabas. Saboda kowane abu an gan shi a wurinsa, aka san cewa wajen shekara 600 ko 700 da suka wuce sarakunan Hausa suna ciniki da ƙasashe masu nisa ƙwarai. 

Da mai na'ura ya riga su zuwa, da zinariyar ta shiga wutar maƙeri, tasar ta tafi kilo, labarin ya mutu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanne kuke so wa Birnin Lalle, irin na Bura ko irin na Durɓi?

ME DOKA TA CE?

Ƙasarmu tana da doka a kan wannan. Ita ce doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga watan Yuni 1997, wadda ta tsare kayan gado na al'adun ƙasa. Abu uku za ku riƙe daga cikinta. Na ɗaya, ba a haƙa don neman kayan tarihi sai da iznin gwamnati, ko da a gonarka ne. Na biyu, wanda ya tsinci irin kayan nan ba da niyya ba, wajibi ne ya sanar da hukuma. Na uku, ba a fitar da su waje sai da izni. Wanda ya taka doka akwai tara, akwai kaso. Takardar neman zinariya a daji daban take, ba ta ba kowa ikon taɓa kufai ko kabari ba.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan doka ba. A Faransa, tun shekarar 1989, ba a yawo da na'ura don neman kayan tarihi sai da takardar hukuma. A Ingila an bar mutane su yi, in mai gona ya yarda, amma ban da wuraren tarihi da aka tsare, kuma in an samu dukiya dole a sanar. A shekarar 2009 wani mai na'ura a can ya tarar da guntayen zinariya da azurfa fiye da 3,500 a wata gona. Bai ɓoye ba. Ya sanar, masana suka zo suka ƙarasa aikin bisa ƙa'ida, kayan suka shiga gidan tarihi inda kowa ke gani. Kun ga ko inda aka yarda da na'ura, ba a yarda da ɓoyo ba.

Addini ma bai bar mu cikin duhu ba. Tsintuwa tana da hukunci, sai an yi cigiya. Dukiyar da aka tarar binne tana da nata hukunci a littattafan fiƙihu. Kabari kuwa yana da alfarma. Ku tambayi limamin garinku. Wanene cikinmu zai so a tone kakansa don a cire masa zobe?

Ga kuma haɗari. A wasu wurare na arewa akwai nakiyoyi da harsasai da suka rage daga tashe-tashen hankula na baya. Na'ura tana yi musu kuka kamar yadda take yi wa azurfa. In ka ga baƙon ƙarfe wanda ba ka gane ba, kada ka taɓa, kada ka bari yara su taɓa, ka sanar da jandarma. Ramin da aka bari buɗe shi ma yana karya ƙafar saniya, yana cin yaro da damina.

Mun san halin da ake ciki. Mun san rani yana da tsawo, rumbu yana ƙarewa kafin shuka. Ba mu zo mu zagi mai neman abin da zai ci ba. Amma ku lissafa. Gona kana nomanta bana, ka noma ta baɗi. Kufai sau ɗaya ake cin sa. In an tone ya tafi, ba ya tsirowa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

IN KA TSINTA, ME ZA KA YI?

Ba laifi ba ne garmarka ta fito da tsohon abu. Ruwa ma yana tone kaya a bakin ƙorama. Ga abin yi, ku rubuta:

1. Ka tsaya. Kada ka ƙara haƙa don ganin ko akwai saura.
2. In abin yana cikin ƙasa, bar shi a wurinsa, ka rufe shi da rairayi. Ka sa alama wadda kai ka sani.
3. In ya riga ya fito, kada ka wanke shi, kada ka goge shi da toka ko lemun tsami. Tsatsar nan tana riƙe da zane, wani lokaci har da zaren tufa. Ka naɗe shi a tsumma mai tsabta, ka ajiye inda babu laima.
4. Ka rubuta rana, da wuri, da zurfi, da abin da ke kusa da shi. In akwai waya mai hoto, a ɗauka.
5. Ka gaya wa maigari. Shi zai kai wa sarki, da ofishin magajin gari, da prefe, su kuma su sanar da ma'aikatar al'adu.
6. Kada ka sayar wa kowa.

Ga misalin irin takardar da za ka rubuta: "Ranar Talata, 9 ga wata, ina huɗa a gonata, gabas da tsohuwar rijiya, taki 40 daga gindin aduwa. Garma ta fito da munduwar jan ƙarfe guda. Zurfinta taƙi ɗaya. Kusa da ita akwai tsingaro da gawayi. Na rufe wurin." Sai ka sa sunanka da sunan garinku. Layi biyar ke nan. Amma layukan nan biyar su ne bakin munduwar. Da su za ta yi magana ko bayan shekara 100.

In kuma baƙo ya zo da na'ura, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa. Sannan ku ce ya nuna takarda a gaban maigari. Da can sai a nuna muku kowace irin takarda ku yi shiru, don ba ku san abin da ke ciki ba. Yanzu kun iya. Ku duba sunansa. Ku duba sunan wurin da aka ba shi izni. Ku duba kwanan wata. Ku duba hatimi da sa hannu. In da Faransanci take, ku kira malamin cibiya ko maigidan lakkol ya karanta a bainar jama'a. Mai binciken gaskiya ba ya jin haushin wannan. Da rana yake zuwa, ta ƙofar sarki yake shiga, yana ɗaukar ƴan gari aiki, kuma kayan da ya samu na ƙasa ne. Wanda ya ce a yi da dare, kada kowa ya ji, kun san ko wanene.

Wanda Allah ya kai shi Yamai, ya je gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe tun shekarar 1959. Ya ga yadda ake ajiye kayan kakanni, kowane da takardarsa a gefe. Ya karanta takardun da kansa. Wata rana, in mun tsare abin da ke ƙasarmu, ɗan Dakoro zai tsaya gaban gilashi ya karanta: an samo wannan a Birnin Lalle.

AIKIN WANNAN MAKO

Malamai, ku rubuta kalmomin nan a allo, ɗalibai su kwafa: kufai, wuri, gawayi, tsingaro, doka, izni, gado.

Ga lissafi: in liyari guda wuri 2,500 ne, wuri nawa ne liyari 4?

Ga tambayoyin da za ku tattauna:

1. Akwai kufai kusa da garinku? Me tsofaffi ke faɗi a kansa?
2. Me ya sa gawayi yake da amfani ga mai bincike?
3. In baƙo ya zo da na'ura, wa za a fara gaya wa?

Aiki na ƙarshe ya fi duka. Kowane ɗalibi ya je wurin tsoho ko tsohuwa guda a unguwarsu. Ya gaishe su, ya zauna, ya tambaye su sunan tsohon gari, da wanda ya kafa shi, da dalilin da ya sa aka tashi. Ya rubuta ko layi uku ne, ya kawo cibiya. Malami ya tara su cikin littafi guda, a ajiye wurin maigari. Wannan haƙa ce wadda ba ta son batir, ba ta son izni, kuma ba ta barin rami.

Nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.